Ko ka sani? Dalilin da sabuwar firinta ke ƙin gane wifi

Wani ƙanena mai shagon fotokofi a nan Tawa, ba nisa da Jami'ar Djibo Hamani, ya sayo sabuwar firinta, wadda mu a Nijar muka fi kira amfirimanti. Burinsa ɗalibi ya turo takarda daga salula, ta fito nan take. Kwana uku na'urar tana ƙifta fitila, salula ba ta ganinta. Ya kira lambar da ke jikin kwali, aka yi ta riƙe shi har kuɗin wayarsa suka ƙare. Rannan ya same ni rai a ɓace, ya ce, "Yaya, anya ba jabu aka sayar mini ba?"

Firintar lafiyarta ƙalau. Wifi da muke ɗauka abu guda ne, a yawancin akwatunan wifi na yanzu hanya biyu gare shi: ta gigahaz 2.4 da ta gigahaz 5. (Wannan 5 ɗin ba ruwansa da 5G na kamfanonin salula.) Ta 5 ta fi gudu, amma ba ta zuwa nesa, kuma bango kan rage mata ƙarfi. Ta 2.4 a hankali take tafiya, sai dai ta fi juriyar ratsa katanga, abin da ya dace da ginin laka mai kauri irin namu na Adar. Firintoci masu araha da yawa da ta 2.4 kaɗai suke ji. Akwatin wifi kuwa yakan haɗe hanyoyin biyu da suna ɗaya, ya ɗora salula a kan mai gudu. To, a lokacin haɗawar farko, salula takan nuna wa firinta hanyar da take kai, firinta ta duba ta rasa. Haka ma in salula ce ke raba intanet kuma an saita ta a kan 5.

Matsala ta biyu ta fi damuna, domin ta fi shafar mu. Duk na'urar da ta shiga wifi, akwatin yakan ba ta lamba, kamar lambar ɗaki a masauki, misali 192.168.1.5. Aro ne, ba kyauta ba. In wutar NIGELEC ta ɗauke ta dawo, akwatin na iya sake rabo, firinta ta tashi da lambar da ta ƙare da 7, kwamfuta kuwa tana can tana ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa, ta ce maka firinta ba ta nan. Inda wuta ke wata da watanni ba ta ƙifta ba, da wuya a lura da wannan. A Tawa, a bazara, ana iya ɗauke wuta fiye da sau ɗaya a yini. Masu shaguna ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar.

Sai zafi. Littattafan irin waɗannan na'urori sukan ce a yi aiki da su ƙasa da digiri 35, alhali Afrilu da Mayu a nan sukan haura 40. Firinta mai ruwan tawada, in ta kwana biyu ba aiki, ƙananan kafofinta sukan bushe, ƙurar hunturu ta ƙarasa toshe su. Mai garin tawada ba ta bushewa, amma sai ta gasa garin a zafin da ya kusa digiri 200 kafin ya manne a takarda, shi ya sa take zuƙe batirin mai shagon da ke dogaro da hasken rana a Kaita ko Tabalak.

Adarawa mutanen tafiya ne, kuma na'ura takan shigo cikin tsarabar ɗan cirani ko cikin kayan gwanjo. A nan ma a kula. Wadda aka ƙera don Amurka wutar bolt 110 zuwa 120 take sha, tamu 220 ce, jonawa ɗaya na iya ƙona ta. Wasu kamfanoni kuma sukan ɗaure kwalbar tawada da yankin da aka sayar da na'urar, ta ƙi karɓar ta wani yanki. Garanti ma sau da yawa a ƙasar saye yake tsayawa, kuma ina ganin hakkin mai sayarwa ne ya faɗi haka tun kafin a ƙirga kuɗi.

Wani matashi mai gyaran kwamfuta ne ya warware wa ƙanena. Ya shiga saitin akwatin, ya ba kowace hanya sunanta, ya ɗora firinta a kan ta 2.4, ya kafe mata lamba ɗaya da ba ta canzawa ko an ɗauke wuta. Sannan ya ce masa, "Maigida, ka sayi igiyar USB ka ajiye." Da ita aka buga takardun ɗalibai ranar da akwatin wifi ya ƙi tashi.