Gwajin magani da gidajen da ciwon daji ke bi

Akwai gidan da dajin nono ya ɗauke kaka, ya kwantar da uwa, ga budurwa tana fargabar shafa ƙirjinta. A Zango ko Birni, nan Damagaram, sai ka ji an ce jifa ce. Likitoci kuwa tun 1994 da 1995 suka gano ƙwayoyin halitta biyu, BRCA1 da BRCA2, waɗanda in suka samu tawaya sukan buɗe wa dajin nono da na ƙwan mace ƙofa. Duk ɗan da mai tawayar ya haifa, ko ya gada ko ya tsira, rabi da rabi ne, kuma ta wajen uba ma tana biyowa. Binciken Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta a Ibadan, wanda ya fito a 2018, ya same ta a jikin fiye da mace ɗaya cikin goma masu dajin nono.

To, mai irin wannan gado za ta yarda a gwada sabon magani da ita? Ban ga laifin mai ɗari-ɗari ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada Trovan a Kano, cikin yara kusan 200 da aka sa a gwajin, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Amma tsoron da ya fi nauyi yana cikin gida. Jinin mace ɗaya aka ɗiba, sakamakon ya shafi ƙannenta da 'ya'yanta, kuma in maganar ta fita unguwa, manema na iya janyewa. Sau da yawa ma sai maigida ya ce to.

Ƙin shiga shi ma da asararsa. Maganin olaparib, wanda gwajin 2021 kan mutum 1,836 masu wannan tawaya ya nuna yana rage dawowar cutar, akasari a jikin Turawa da 'yan Asiya aka auna shi. Mu nan, ko gashin daji da na'ura sai a cibiyar Yamai, tafiyar kusan kilomita 900.

Duk wadda aka zo wa da takardar amincewa da shiga gwaji, haƙƙinta ne a karanta mata da Hausa, ta kuma janye ranar da ta ga dama. Ta tambaya wa zai ga sakamakon jininta, wa zai biya kuɗin mota, sannan in gwajin ya ƙare, wa zai ci gaba da ba ta maganin.