Abin da Yaron Bebeji Ya Ɗauko Daga Ankara

 Yau hirarmu a kan abin da ke samun mutum ne yau da gobe, daɗi da wuya, da yadda wani ke fita da riba a ciki, wani kuma abu iri ɗaya ya same shi amma ya fita hannu rabbana. Zan bi da ku ta cikin rayuwar mutum guda wanda da wuya a samu Bahaushen da bai taɓa jin sunansa ba, Alhaji Alhassan Ɗantata.

In aka ambaci Ɗantata, labarin raƙuma ake fara kawowa. A 1929 bankin Turawan Ingila ya buɗe reshe a Kano, shi kuwa ya kai ajiyar kuɗin azurfa lodin raƙuma 20. Daga nan sai a kawo dalar gyaɗa, sai a kawo zuriya, har a gangaro kan tattaɓa-kunnensa Aliko Ɗangote. Duk wannan haka yake. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai ya faru ne tun yana ɗan shekara 15, a wani gari mai nisa, kuma babu ko raƙumi ɗaya a ciki.

Bari mu bi farkon a gurguje. An haife shi a Bebeji a 1877, a gidan Agalawa, mutanen da fatauci ya zame musu gado. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne. Mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai abin hannunta. Uban ya rasu wajen 1885, yaro bai wuce shekara 8 ba. Uwar ta tashi ta koma Ankara, wato Accra ta ƙasar Gana a yau, ta bar yaran a hannun wata tsohuwar baiwar gidan mai suna Tata. Ita ta raine shi, sunanta ne kuma ya bi shi har gobe. Gadon da ya zo hannunsa bai taka kara ya karya ba. Aka kai shi makarantar allo, ya yi bara, ya yi aikatau. Tata ce ta dinga tsare shi kan lallai ya riƙa ajiye wani abu daga ɗan abin da ya samo, a zamanin da da wuri ake ciniki. Ya sayi asusu, kuma masu rubuta tarihinsa sun ce asusun nan yana hannun zuriyarsa.

To, ga inda nake so mu zauna.

Da ya kai kimanin shekara 15, sai ya ce zai je ya ga mahaifiyarsa. Ya tattara abin da ya tara, ya sari kaya a Bebeji, ya bi ayarin Gwanja. Masu sauraro, ayarin Gwanja ba tafiyar mako ba ce, watanni ake yi a ƙasa. Jakuna ne rututu, ɗauke da kanwa, da baƙin saƙi na marina, da jar fata, da gabu. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin zango. A ƙetare Kwara a kwalekwale, a shiga ƙasar Bargu inda 'yan fashi ke tare fatake, a biya kuɗin fito, a biya sarakunan hanya. Yaro ɗan shekara 15 a cikin wannan ayari, da ɗan ƙunshin kayansa. Ya sayar da rabi a hanya, ya ƙarasa da rabi Ankara.

Ku ɗan sa kanku a matsayinsa. Ka rabu da mahaifiyarka kana ƙarami. Ka yi shekaru kana jin labarin tana can bakin teku cikin wadata. Ka taka da ƙafarka har ka iso ƙofarta. Me kake tsammani? Ai tsammaninka wahala ta ƙare.

Kwana ɗaya ta bar shi ya huta. Kwana ɗaya tak. Washegari ta kama hannunsa ta kai shi wurin wani malami, ta ce ya zauna nan har ranar da zai koma gida. Ya koma kan allo, ya koma bara, yana nemo abinci wa kansa da malaminsa, ranakun Alhamis da Juma'a kuma ya fita aikin kuɗi. An ce wahalar da ya sha a Ankara ta fi ta Bebeji.

Kwana ɗaya, jama'a. Na daɗe ina juya wannan kwana ɗayan. Wani zai ce uwar ta yi tsanani, kuma ba zan ce masa ya yi ƙarya ba, don zuciyar yaro ba dutse ba ce. Wani zai ce 'yar fatake ce, ta san ɗan da aka shagwaɓa ba ya riƙe jari. Allah ne ya san abin da ke ranta. Abin da ke gabanmu shi ne abin da yaron ya yi da wannan zama. Yana da hanya biyu. Yana iya komawa Bebeji da ƙullin uwa a zuciya, ya ƙare rayuwarsa yana ba da labarin yadda aka wulaƙanta shi. Da ya yi haka, da babu mai ganin laifinsa. Amma sai ya buɗe ido ya kalli garin da aka jefa shi.

Ankara a lokacin ita ce hedikwatar Turawan mulki a wannan gaɓa. Ba ta da tasha mai zurfi, don haka jiragen ruwa can nesa suke tsayawa, matuƙa kwalekwale su ratsa igiyar ruwa su kwaso kaya zuwa gaɓa. Ga kantunan Turawa, ga yadi, ga duwatsun ado, ga mutane masu harsuna iri-iri suna ciniki. Almajiri mai yawon bara da aikatau yana shiga lungun da ɗan gata ba ya shiga, yana jin farashi, yana ganin wa ke saye wa ke sayarwa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ya koma gida, sai ga wata jarrabawar. A 1893 Sarkin Kano Bello ya rasu, yaƙin basasa ya ɓarke kan gadon sarautar tsakanin Tukur da Yusufawa. Agalawa suna ɓangaren Tukur, ɓangaren da aka ci. Aka kama Alhassan da 'yan'uwansa Bala da Sidi, sai da suka fanshi kansu kafin su tsira daga bauta. Ɗan abin da aka tara ya tafi. Ya sake ɗaura ɗamara ya koma kan hanyar goro.

Goro kuwa kaya ne mai rai. A hanya dole a riƙa kwance huhu, a yayyafa ruwa, a canja ganye, a tsince wanda sankara ta taɓa kafin ya ɓata sauran. Kowane kwana da aka ƙara a hanya asara ce. Kowane bafatake ya san da haka, kuma da yawa sun ɗauke shi a matsayin abin da ba makawa. Shi kuwa ya taɓa tsayawa a bakin teku ya ga jirgi. Wajen 1906 ya fara ɗora kayansa a jirgin ruwa tsakanin Ankara da Sekondi da Ikko, yana cikin Hausawan farko da suka yi haka. Tafiyar watanni ta ragu ƙwarai. Ya haɗa da sarin yadi da tsakiya da kayan Turawa. Kun ga abin da ya kalla yana almajiri, shi ya zo ya yi masa rana bayan shekara goma sha wani abu.

Sai jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya fara jigilar kaya sosai a 1912. Turawa auduga suka sa rai za su kwasa. Manoman Kano suka duba suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, kuma in kasuwa ta faɗi ana iya cin ta, a yi mai, a yi ƙuliƙuli. Kamfanonin Turawa suka rasa yadda za su shiga ƙauyuka, suka nemi 'yan kasuwar gari su saya musu. A nan ne duk abin da ya taɓa samun Alhassan ya taru ya zama jari. Yana jin ɗan Turanci, ya saba ciniki da Turawa ido da ido a Ikko da Ankara, ba ya jin tsoronsu kuma ba ya ruɗuwa da su. Yana da kuɗi a ajiye, don hannun da Tata ta horar bai saba da ɓarna ba. Ya san hanya, ya san mutanen hanya, ya ba yaransa jari suka bazu ƙauyuka. Zuwa 1922 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Kano, ya sha gaban manya irin su Umaru Sharubutu Ƙoƙi da Maikano Agogo.

Yanzu bari in ja kunne, kuma da gaske nake. Kada wani ya saurari wannan ya ce ashe bara ce ke yin attajiri, ya tura ɗansa ɗan shekara 6 wani gari ba guzuri ba mai kula. A'a. Yara dubbai sun yi barar da Alhassan ya yi, sun sha yunwar da ya sha, ba su fita da komai ba sai ciwo, kuma ba laifinsu ba ne. Wahala ita kaɗai ba ta koyar da kowa komai, sau da yawa ma karya mutum take yi. Shi yana da Tata a kansa tana tambayarsa ina abin da ya samo. Ya fito daga gidan da ake maganar hanya da farashi tun yana jin magana. Sannan arziki na Allah ne, wannan ba mai musu. Abin da nake cewa shi ne, a cikin abin da ke hannun ɗan Adam, ya yi nasa: bai bar abin da ya same shi ya wuce haka nan ba.

Ku dubi ɗan kasuwa in ya rufe shago da dare. Ba ya kwanciya sai ya zube cinikin yini a gabansa, ya ware uwa, ya ware riba, ya gano inda aka yi faɗuwa. Yawancinmu muna yi wa kuɗi wannan lissafi, amma ba ma yi wa abin da ya same mu. An cuce ka a wani ciniki, sai ka tsaya kan zagin wanda ya cuce ka, ba ka tambayi kanka wace alama ka gani tun farko ka kau da kai ba. Damina ta ba ka kunya a gona, sai ka ce bana ba sa'a, ba ka tuna ranar da ka yi shuka da irin da ka shuka ba. Kin yi saɓani da maƙwabciya, kin riƙe abin da ta faɗa kalma-kalma, naki kuwa kin manta. Baɗi abin ya sake dawowa ya same mu a inda ya bar mu.

Ga misali na kusa wanda duk muka gani. Farkon 2023, lokacin canjin kuɗi a Najeriya, takardun Naira suka yi wuya. Mai shayi, mai ƙosai, mai kayan miya, kowa ya ji a jikinsa, wasu jarinsu ya karye. A cikinsu akwai waɗanda suka je suka buɗe akawun, suka rubuta lamba a kwali suka liƙa a jikin tebur. Kuɗi sun dawo hannun jama'a, amma kwalin nan yana nan, kuma mai saye da ba shi da tsaba wurinsu yake tsayawa. Wahalar ɗaya ce ta sami kowa. Bambancin shi ne wa ya zauna ya yi lissafinta.

   

Alhassan Ɗantata ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa da ke unguwar Sarari a Kano. Da ya ji ciwo ya yi nauyi, ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya su zauna tare, kada su wargaza kasuwancin. Mutumin da gidansu ya watse yana ɗan shekara 8 ke nan.

Masu sauraro, duk abin da ya same ku a wannan mako, mai daɗi ko mai ɗaci, kun riga kun biya kuɗinsa. Kada ku tafi ku bar kayan a kasuwa. Ku zauna ku tambayi kanku me ya faru, me ya jawo shi, me za ku canja gobe, sannan ku faɗa wa ɗanku ko ƙanenku don kada shi ma ya biya. Iyaye kuma, yaron da ke hannunku yana buƙatar mai tambayarsa ina abin da ya samo yau, me kuma ya gani.