Sanyin Inji: Cutar da Ba a Ɗauke Ta Cuta Ba

Duk wanda ya bi titin Katsina da sassafe a watan Disamba ko Janairu, ya iso Rijiyar Lemo, zai tarar da direbobi sun ta da motocinsu suna ba su wuta, wai suna ɗuma inji. Wata motar kuwa har ta kai Bichi allurar ma'aunin zafinta tana nan kwance a ƙasa. Mai ita sai ya yi ta yabonta, yana cewa tasa ba ta san zafi ba. Abin mamaki shi ne, Bahaushe ya daɗe da sanin cewa sanyi ciwo ne a jikin ɗan Adam, har yana nema masa magani, amma da an zo kan mota sai ya ɗauke shi alamar lafiya. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan ma rashin lafiya ne, ta kuma bayyana yadda ake gano tushensa.

An ƙera injin mota ne domin ya yi aiki a kan zafin da ya kai wajen digiri 90 a ma'aunin santigired. Abin da ke tsare masa wannan ƙa'ida wani ɗan ƙarfe ne da makanikai ke kira tamostat, wanda ke zaune a kan hanyar da ruwa ke bi tsakanin inji da lagireto. A cikinsa akwai kakin da ke narkewa ya kumbura in ya ji zafi. Muddin inji yana da sanyi ƙofar tana rufe, ruwa yana zagayawa a cikin inji kawai. Idan zafi ya kai tsakanin digiri 80 da 90, gwargwadon irin motar, sai kakin ya tura ƙofar ta buɗe, ruwa ya wuce lagireto ya sha iska.

To, a garejojinmu, daga Rijiyar Lemo har Sabon Gari, wannan ɗan ƙarfe ba shi da farin jini. Da zarar an kawo mota 'yar Kwatano, sau da yawa shawarar farko ita ce a cire shi, bisa hujjar cewa don ƙasashen ƙanƙara aka yi shi. Wasu ma sukan haɗa wa fanka waya kai tsaye, ta yadda da an murɗa makulli za ta kama juyawa. Ba za a ce makanikan ba su da dalili sam ba, domin tamostat ɗin da ya maƙale a rufe yakan dafa inji har ya ƙone gasket, kuma zafin Kano a watan Afrilu yakan haura digiri 40. Sai dai maganin wanda ya lalace shi ne a sa sabo. Mai lafiya, in ya buɗe sosai, ba ya tare wa ruwa hanya.

Idan mai karatu ya ga allurarsa ba ta ɗagawa, tambayar farko ita ce: injin ne ke da sanyi, ko kuwa ma'aunin ne ke ƙarya? Bayan tafiyar minti 15 sai a tsaya, a kashe mota, a taɓa babban tiyon da ya fito daga inji zuwa saman lagireto. In ya yi zafin da hannu ba zai iya jurewa ba alhali allura tana ƙasa, laifin na ɗan abin da ke auna zafi ne, ko wayarsa, ko ita kanta allurar. In kuwa ɗumi kawai aka ji, to da gaske injin bai kai ƙa'idarsa ba.

Gwaji na biyu shi ya fi ban sha'awa, kuma ba ya bukatar ko sisi. A bar mota ta kwana, a tashe ta da safe, a riƙe wannan tiyo, ana kiyaye hannu da hannun riga daga fanka. Inda tamostat ke aiki, tiyon zai zauna da sanyinsa na 'yan mintoci, sa'an nan ya ɗauki zafi farat ɗaya lokacin da ƙofar ta buɗe. Idan ya soma ɗumi a hankali tun daga farko, ruwa yana wucewa ba shamaki ke nan, wato ko tamostat ya maƙale a buɗe ko kuma babu shi ɗungurungum. A nan ne kuma za a lura da fanka: in ta lantarki ce, tana juyawa tun inji bai yi ɗumi ba, ba a kuma kunna na'urar sanyaya mota ba, akwai alamar an taɓa wayarta. Wanda ya ciro tamostat yana iya jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta, domin ya kamata ya buɗe kafin ruwan ya tafasa, ya kuma rufe in ya huce. Motocin zamani masu kwamfuta sukan nuna lamba P0128 idan an jona musu na'urar bincike. Kada dai a kuskura a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi.

Ɓarnar da sanyi ke yi ba ta da hayaniya, shi ya sa ake raina ta. Fetur ba ya ƙonewa sosai a inji mai sanyi, don haka kwamfutar mota takan ci gaba da ƙara masa mai, kamar yadda ake ja wa tsohuwar Peugeot 504 cok da safe. Rarar man tana baƙanta fulogi, tana wanke baƙin mai daga bangon da fistan ke gogawa, tana kuma gangarawa ta tsinka shi. Damshin da ya kamata zafi ya kora sai ya zauna ya zama dagwalo. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, direban haya ya san kuɗin kowace lita, amma da wuya ya tuhumi allurar da ke kwance a gabansa. Na taɓa tambayar wani bakanike inda yake kai tamostat ɗin da yake cirewa, sai ya nuna mini wani tsohon gwangwani a gindin bango, ya kusa cika.