Ɗan sandan da ba ya kama kowa: abin da fim ɗin «Coup de torchon» ke tuna wa ƙasar Kurfai

Hausawa na cewa in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Wannan karin magana ya dace da wani fim na ƴan sanda da Bafaranshe Bertrand Tavernier ya shirya a shekarar 1981, mai suna «Coup de torchon», watau gogewa da tsumma. Fim ne da ya sha yabo a Faransa da Amurka, har ya shiga jerin finafinan ƙasashen waje da suka yi takarar kyautar Oscar a shekarar 1983. Ga mutumin Filinge kuwa, darajarsa ta wuce ta kyauta, domin zamanin da yake nunawa zamani ne da kakanninsa suka ɗanɗana a jikinsu.

Asalin labarin

Tushen fim ɗin wani littafi ne na Ba'amurke Jim Thompson, mai suna «Pop. 1280», wanda ya fito a 1964. Labarin littafin ya faru ne a wani ƙaramin gari na kudancin Amurka, inda baƙar fata ba ya da bakin magana gaban hukuma. Tavernier da abokin rubutunsa Jean Aurenche suka ɗauko labarin, suka dasa shi a Afirka ta Yamma ta mulkin Faransa, a shekarar 1938, cikin wani gari na ƙage da suka raɗa wa suna Burkasa. A ƙasar Senegal aka ɗauki hotunan. Da suka canja ƙasa, labarin bai buƙaci gyara mai yawa ba, tun da a wuraren nan biyu doka launin fata take dubawa kafin ta dubi laifi.

Jarumin labarin shi ne Lucien Cordier, wanda Philippe Noiret ya taka rawarsa. Shi kaɗai ne ɗan sandan garin. Malalaci ne, mai son ci da barci, kuma bai taɓa kama kowa ba. Matarsa ta raina shi, ta ajiye kwartonta a cikin gida da sunan ɗan'uwanta ne. Wasu kawalai biyu suna ba shi toshiya, suna wulaƙanta shi a bainar jama'a, suna harbin gawawwakin baƙar fata da kogi ke ɗaukowa don nishaɗi kawai. Wakilin kamfanin katako ya kafa masai a gaban gidansa. Cordier ya san dalilin da ya sa aka ba shi aikin: manya suna son ɗan sandan da zai gani ya kau da kai.

Wata rana ya kai kukansa wurin wani babban ɗan sanda na gari mafi girma. Wannan ya yi masa dariya, ya shure shi, ya nuna masa cewa wanda aka raina sai ya rama da abin da ya fi. Cordier ya koma gida ya harbe kawalan biyu, ya jefa su kogi, sa'an nan ya shirya abin yadda zargi zai faɗa kan mai ba shi shawara. Daga nan ya kashe mijin farkarsa Rose, wadda Isabelle Huppert ta fito a matsayinta, mutumin da ke dukan matarsa da barorinsa.

Inda gwanintar take

A yawancin finafinan ƴan sanda, ana samun gawa, sai mai bincike ya bi sawu har ya kama mai laifi, ƴan kallo su tashi hankalinsu kwance. A nan an juya al'amarin. Mai binciken shi ne mai kisan, ɗan kallo ya sani tun farko, kuma babu wanda ya damu ya bincika. Abin da ke riƙe mutum a kan kujera shi ne jiran ranar da wani zai ce a'a. Ranar ba ta zuwa. Har Cordier ya rubuta laifinsa da alli a allon lakwal, bai gamu da hukunci ba.

Gwaninta ta biyu ita ce tarkon da aka ɗana wa mai kallo. Waɗanda Cordier ya fara kashewa miyagu ne, saboda haka zuciya takan yi sanyi, har a yi dariya. Sai ga wani bara baƙar fata, mai suna Vendredi, ya tsinci gawar ubangidansa ya kawo ta gida, bisa amana. Da Cordier ya gane cewa yaron ya fahimci abin da ya faru, sai ya kai shi daji, ya yi masa magana cikin taushin murya, ya harbe shi. A nan dariya ke ƙarewa. Mai kallo ya farga cewa hannun da ya yi wa tafi ɗazu, shi ne ya kashe marar laifi, kuma ya kashe shi ne domin ya san ran talaka ba wanda zai nemi bahasinsa.

Gwaninta ta uku tana ga Noiret kansa. Ba ya zare ido, ba ya ɗaga murya. Da rigarsa mai dauɗa da tafiyarsa ta gajiyayye, ya nuna yadda rago ke rikiɗa ya zama azzalumi, har ya fara ɗaukan kansa ɗan aiken Ubangiji mai share ƙazanta. Tavernier kuma ya guje wa Afirkar hotunan yawon buɗe ido. Ƙura ce, da zafi, da bariki mai ruɓewa. Fim ɗin ya buɗe da yara masu yunwa suna tonon ƙasa, rana ta yi husufi, Cordier ya hura musu wuta. Ya rufe da Cordier yana auna irin yaran nan da bindiga.

Abin da Kurfai ta gani

Burkasa ƙage ce, amma ikon da ta ginu a kansa gaskiya ne. A ƙasashen da Faransa ta mallaka akwai dokar da ake kira andijena, wadda ta ba kwamandan ikon jefa talaka kaso ko cin tararsa ba tare da alƙali ba. Bisa dokar 1887, ɗaurin yana iya kaiwa kwana 15. Mai kamu, mai tuhuma da mai yanke hukunci duk mutum ɗaya ne. Gardawa ke zartar da umarninsa a ƙauyuka: karɓar lanho, ɗibar mutane aikin tilas, tara cimaka. Ba a soke andijena ba sai 1946, shekarar da dokar 11 ga Afrilu, mai ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, ta haramta aikin tilas. Yaran fim masu tonon ƙasa su ma ba baƙi ba ne ga yammacin Nijar, inda fari da fara suka haddasa babbar yunwar 1931, alhali ana ci gaba da neman lanho.

Filinge, da ke cikin kwarin Dallol Boso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Ƴamai, ta ba wannan mulki amsar da tarihi bai manta ba. Wajen shekarar 1925, a yankin Cikal, wasu sababbin iskoki suka bayyana, da wata mata mai suna Shibo a kan gaba. Su ne ake kira Hauka, ko Babule. Waɗanda suka hau kansu sukan yi fareti, su yi gaisuwar soja, su ba da umarni kamar Nasara. Cikin iskokin akwai gwamna, akwai likita, akwai kuma kofur na gardawa. Mabiyan suka juya wa ikon sarkin kanto baya. Kwamandan Crocicchia na Ƴamai ya sa aka kama su da dama aka kulle, daga baya aka kori wasu daga ƙasar. Sakamakon da ya samu shi ne, shi kansa ya shiga cikin iskokin, da laƙabin Kwamandan Mugu. Ƴan ci-rani suka kai Hauka har Akara, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa «Les Maîtres fous», wanda ya fito a 1955.

A nan ne kuma raunin «Coup de torchon» ya fito fili. Daga cikin bariki yake kallon duniya. Baƙar fata a cikinsa ba su cika magana ba; ana dukansu, ana kashe su, ba a jin abin da ke ransu. Wanda ya kalle shi kaɗai zai zaci talakawa sun yi shiru ne. Tarihin Kurfai ya nuna ba haka ba ne. Sun lura da masu mulki sarai, sun haddace tafiyarsu da tsawarsu, sun mayar musu da hotonsu a dandali. Fim ɗin ya ba da rabin labari da gaskiya. Ɗaya rabin yana bakin tsofaffin Dallol.

Darasi ga ma'aikaci

Tavernier ya rasu a 2021, Noiret tun 2006, amma tambayar da suka bari ta shafi duk mai riƙe da hatimi ko sanda. Cordier bai fara da kisa ba. Ya fara ne da karɓar ɗan abin goro, da kau da kai ga laifin mai ƙarfi. Ranar da ya tashi yin aiki, ba ya da doka a hannu sai son ransa, kuma son rai bai san bambancin kawali da Vendredi ba.

Shi ya sa takardar da jandarma ke rubutawa, da sa hannun mai shaida, da wa'adin tsare mutum kafin a kai shi gaban alƙali, ba ɓata lokaci ba ne. Su ne shingen da kakannin Kurfayawa suka rasa. Wanda ya yi yaƙi da jahilci har ya iya karanta abin da aka rubuta da sunansa kafin ya dangwala yatsa, ya riƙe sanda guda ta wannan shinge. Ma'aikacin da ya karanta wa talaka takardar da gaskiya, shi ma ya riƙe tasa.