Yadda Maganganu Ke Cuɗewa Cikin Zaren Gilashi

Dattawan akawuna da malamai ba su manta da zamanin wayar tarho ta tagulla ba, lokacin da mutum zai ɗauki kan waya sai ya ji muryar waɗansu baƙi can ƙasa-ƙasa suna cinikinsu. Yau galibin saƙonni a cikin zaren gilashi su ke tafiya, haske ke ɗauke da su. Amma fa wannan tsohuwar cuta ta shisshigi ba ta mutu ba, kama ta sake. Muna so mu bayyana yadda ta ke, domin ta shafi ƙasarmu ta Doguwa da Tudun Wada da Kiru da Bebeji.

A 1966 wani masani, Charles Kao, da abokin aikinsa George Hockham, a Ingila, suka nuna cewa in an tsarkake gilashi sosai, haske zai yi tafiya mai nisa a cikinsa. Kamfanin Corning na Amurka ya ƙera irin wannan zare a 1970, Kao kuwa ya sami lambar Nobel a 2009. Zaren siriri ne ƙwarai, sai an jera 8 su ke cika milimita 1. A 2010 igiyoyin MainOne da Glo-1, da suka iso Ikko ta ƙarƙashin teku, suka fara aiki, daga can zare ke hawowa Arewa.

To, binne zare aiki ne mai cin kuɗi, saboda haka ba a ba saƙo ɗaya zare guda. Sai a zuba haske launi-launi, 40 ko 80 ko fiye, ko da ya ke ido ba ya ganinsu, kowane launi da nasa kaya. A ƙarshen tafiya akwai na'ura mai aikin rariya, ta ware kowanne. In launukan sun matsu, ko rariyar ba ta da kyau, sai wani ya ɗiga cikin rabon maƙwabcinsa. Wannan shi ne shisshigi na fari.

Na biyu ya fi ban mamaki. In hasken ya yi ƙarfi, gilashin kansa ya kan sa launuka su cuɗu, su haifi waɗansu sababbi da ba wanda ya aiko su, su faɗa kan na gaskiya. Ga lissafi ga malaman aji: launi 3 suna iya haifar da 9, launi 10 su haifi 450, launi 40 kuwa 31,200. Kun ga ƙara ƙarfin haske ba magani ba ne, ƙara cutar ya ke yi.

A nan ne masana suka koyi darasi. A zaren farko launuka ba su tafiya da sauri ɗaya, aka ɗauki wannan aibi ne, aka ƙera wani zare inda saurinsu ya kusan daidaita, ƙasar Japan ma ta binne shi da yawa. Da aka zo zuba launuka masu yawa, sai ga shi wannan zaren ya fi kowanne cuɗewa. Dalili kuwa kun san shi: matafiya biyu a hanyar kasuwa, in saurinsu ɗaya, hira za ta shiga tsakaninsu, amma in wani ya ɗara wani, sai su gaisa kawai kowa ya wuce. Saboda haka wajen 1993 masana a Bell Labs na Amurka suka fito da zaren da aka bar wa ɗan bambancin sauri da gangan. Da shi, da barin tazara tsakanin launuka, da rage ƙarfin haske, aka shawo kan abin.

Me ya shafe mu? Nisa. A doguwar hanya, duk bayan kamar kilomita 80 akan sa na'urar ƙara wa haske ƙarfi, ita kuwa ba ta bambanta saƙo da mai shisshigi, duka ta ke ƙarfafawa. Saƙon ɗalibin Riruwai mai rajistar jarrabawar JAMB, ko na akawu mai aika takardar albashi, tafiyarsa doguwa ce. A wayar yau ba za ku ji muryar baƙo ba. Abin da kan faru shi ne lambobi su lalace, na'ura ta yi ta gyara da maimaitawa, aiki ya yi nawa. Gaskiya ne katsewar da muka fi gani daga yanke zare ta ke, wajen aikin hanya ko ta hannun ɓarayi. Amma wannan ana ganinta a gyara, waccan kuwa ɓoyayyiya ce.

A 2024 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar shirin binne zare na kilomita 90,000 a ƙasa. Abin da aka binne yau, shekaru zai yi a ƙasa. Shawararmu ga ma'aikatan hukuma ita ce, duk ranar da aka zo da irin wannan aiki ta hanyar Tudun Wada da dajin Falgore, kada tambayarku ta tsaya ga tsawon rami. Ku tambayi irin zaren, da yawan launukan da zai ɗauka, ku kuma nemi takardar awon da aka yi bayan an gama, ku adana ta a ofis. Malamai kuwa su koya wa yara lissafin nan na sama. Allah ya sa mu dace, amin.