Maganin Da Ke Sa Tumaki Barbara Lokacin Da Mai Su Ya So

Duk falken da ke kai raguna kasuwar Maigatari ran Alhamis ya san kuɗin rago yana ga Babbar Salla. Ita kuwa Salla tana matsowa da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, tunkiya ba ta san da wannan lissafi ba. Saboda haka makiyayan Gagarawa da Gumel ya kamata su san wata dabara ta likitocin dabbobi.

Asalinta daga ƙasashen sanyi ne. Tumakin Ingila ba su karɓar rago sai yini ya fara gajarcewa, watau da kaka. Wajen 1965 wani masani a Ostareliya, T. J. Robinson, ya fito da ɗan soso mai ɗauke da magani irin sinadarin da jikin tunkiya ke fitarwa in tana da ciki. A kan sa shi a farjinta kwana 12 zuwa 14, sa'an nan a zare, a yi mata allurar wani sinadari da a ke samu daga jinin goɗiya mai ciki. Cikin kamar kwana biyu sai ta nemi rago. Ciki wata biyar ne.

To, amma Uda da Balami da 'Yankasa ba ruwansu da tsawon yini, suna barbara kowane lokaci. Abin da ke hana su yunwa ce. Amfanin maganin a nan shi ne ya haɗa garke su ɗauki ciki tare, su haihu tare. Masu binciken dabbobi na Shika, kusa da Zariya, sun gwada haka ga 'Yankasa.

Ga lissafin. Littafin Risala ya kawo cewa mafi ƙanƙantar ragon layya shi ne ɗan shekara, ko da yake ya ambaci ƙaulin wata goma da na wata takwas. Wanda ke son ɗan shekara cikakke ran layya, lalle a haife shi kafin layyar da ta gabace ta, uwar kuwa ta ɗauki ciki tun farkon Rajab. A 2025 an yi Salla ran 6 ga Yuni, ashe ke nan barbarar ta faɗo cikin hunturun farkon 2024, haihuwa kuma a bakin damina. Wannan dace ne, gama ciyawa na tafe.

Akwai haɗari. Allurar nan takan jawo tagwaye, ƙarshen cikin kuwa yakan zo cikin bazara, sa'ad da daji ya ƙone. Ramammiyar tunkiya mai 'ya'ya biyu a ciki tana iya kwantawa ta kasa tashi, a rasa uwa da 'ya'ya. Wanda bai tanadi harawa da ƙowa da dusa tun kaka ba, gara ya bar sosan nan. Kuma rago guda ba ya isar tumaki da yawa da suka nema rana ɗaya. Sa shi da cire shi aikin malamin dabbobi ne, domin hannu marar tsabta yakan sa wa tunkiya ciwo.