Daga Kano Zuwa Jidda: Nisa Da Lokaci

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, idan aka auna a miƙe bisa doron duniya, akwai kimanin kilomita 3,400, kuma jirgin zamani, wanda kan yi gudun kilomita 850 ko fiye a sa'a guda in ya daidaita a sama, yakan cinye wannan tazara cikin sa'o'i huɗu da rabi zuwa biyar. Wannan ita ce hanyar da kakanninmu suka bi da ƙafa da raƙuma, ta Barno da Wadai da Darfur har Sawakin a bakin Bahar Maliya, suna shafe watanni, wasu shekaru, wasu ma guzuri ya ƙare musu suka zauna a Sudan, inda zuriyarsu take har yau.

To, amma ya kamata mai niyya ya sani cewa nisa abu ne tabbatacce, alhali lokacin tafiya yana sauyawa bisa dalilai da dama. Jirgi ba ya bin miƙaƙƙen layi yadda ya ga dama, sai hanyoyin da hukumomin ƙasashe suka yarje masa. Shi ya sa da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jiragen da suka saba ratsa ta bayan sun wuce Chadi suka koma kewaye, tafiya ta ƙara tsawo. Iska ma tana da nata hukunci, domin wadda ta biyo bayan jirgi takan rage masa lokaci, wadda ta tare shi kuwa ta ƙara.

Abin da ya fi rikita jama'a, a ganina, shi ne sha'anin agogo, saboda Saudiyya tana gaban Nijeriya da sa'o'i biyu. Wanda ya tashi daga Kano da ƙarfe 10 na safe, ya yi sa'o'i biyar a sama, zai sauka agogon hannunsa na nuna ƙarfe 3, na Jidda kuwa ƙarfe 5 na yamma, sai ya zaci sa'o'i bakwai ya yi. Ranar komowa kuma lissafin ya juye, ya ga kamar uku kacal. Wannan ba ƙaramar mas'ala ba ce ga mai kiyaye ibada, tun da lokutan salla da rana ake ƙaddara su, kuma mai fuskantar gabas yana tarar faɗuwarta da wuri, har La'asar ta kusa kuɓuce masa yana zaune ya dogara da agogon gida. Haka nan maniyyacin da zai zarce Makka, gwamma ya yi wanka ya ɗaura haraminsa tun a Kano, domin jirgi yakan gifta daidai da miƙati cikin ɗan lokaci kaɗan, kafin mutum ya kai ga jakarsa.